Me ya sa na'urar gano fosfet ɗina ke yaudarata?

Tambaya: Malam, ɗalibar kimiyyar sinadarai ce ni. Na haɗa ma'aunin fosfet, wato wani sinadari mai zinki biyu, da rinin pyrocatechol violet, amma ruwan yakan koma rawaya tun ban zuba samfur ba. Ina matsalar take?

Amsa: 'Yar'uwa, rinin yana shuɗi ne muddin yana maƙale da zinkin nan biyu. Fosfet ya fi shi ƙarfin kamu, sai ya ture shi, rinin ya koma rawaya. Don haka duk abin da ya raba su zai ba ki wannan launin.

Fara duba ruwan daidaita tsami. Kada ki kuskura ki yi amfani da mai fosfet. Ki ɗauki HEPES, wani ruwan daidaita tsami marar fosfet, milimola 10, pH (matakin tsami) 7, rini da ma'auni maikromola 50 kowanne. In tsami ya yi yawa rinin yakan saki zinki da kansa. EDTA ma, sinadarin da ke kama ƙarafa, yakan ƙwace zinkin gaba ɗaya.

Sai kwalabe, inda aka fi sakaci: wasu sabulan wanki na ɗauke da fosfet. Ki ɗauraye da asid da aka sirka da ruwa, sannan tataccen ruwa.

A samfurin jiki kuwa, ATP da fairofosfet, sinadarai masu ɗauke da fosfet a jikinsu, su ma suna kama zinki, su kumbura miki sakamako.