Me ya sa kifin bas ya ƙaurace wa bakin tafki da zafi ya shigo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a birnin Dalas na jihar Teksas a Amurka, kuma ina zuwa fatsa a tafkin Fork. A watan Maris na kama kifin bas mai babban baki sosai a bakin gaɓa, amma da na koma wuri guda a watan Yuli da irin kayan da na yi amfani da su, ko motsi ban ji ba. Kifin ne ya ƙare, ko kuwa akwai abin da ban sani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kifin bai ƙare ba, wurin zama ya sauya. Jikin bas yana ɗaukar zafin ruwan da yake ciki, saboda haka zafin ruwa ne yake tsara inda zai tsaya, da yawan abin da zai ci, da saurin da zai iya bin abinci. Shawarata ta farko ita ce ka riƙa auna zafin ruwan duk lokacin da ka je, ka daina dogara da sunan wata.

Sanin yadda tafkin yake zai taimaka maka. Fork madatsar ruwa ce da aka kammala a 1980 a gabas da Dalas, faɗinta ya kai kimanin eka 27,000, kuma da aka tare ruwan an bar itatuwa masu yawa a tsaye. Ƙoramun da suke gudana a wurin kafin a yi madatsar suna nan a ƙarƙashin ruwa kamar kwazazzabai, kuma su ne hanyoyin da kifin yake bi daga zurfi zuwa gaɓa, ya sake komawa. Wanda ya samu taswirar zurfin tafkin ya gane inda waɗannan kwazazzabai suka bi, ya rage wa kansa rabin wahala.

Abin da ka gani a watan Maris lokacin haihuwa ne. Tun daga Fabrairu, idan ruwa ya haura digiri 50 a ma'aunin Faranhait, manyan kifaye sukan taso daga zurfi su tsaya a gefen kwazazzabai kusa da lungunan tafkin, suna cin jatan lande da ƙananan kifaye don tara ƙarfi. A wannan ɗan tsakanin ne masunta a gabashin Teksas suke yawan jefa jan kifin roba mai ƙarar tsakuwa a ciki, suna jan sa ta saman ciyawar ruwa. Da zarar zafin ya kai digiri 60 zuwa 65, wato kusan 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, sai namiji ya shiga ruwa marar zurfi, ya share ƙasa mai tauri da jelarsa har ta zama ɗan faifai mai haske, galibi kusa da kututture ko gindin ciyawa. Mace takan zo ta zuba ƙwai ta tafi, namijin kuma ya zauna gadin ƙwan da 'ya'yan da za su ƙyanƙyashe. Lungunan da ke arewacin tafki su ne suke fara ɗumi, domin gaɓa tana kare su daga iskar arewa kuma rana tana daɗewa a kansu, shi ya sa haihuwa take farawa a can.

Kifin da ke gadin sheƙa ba yunwa ce take sa shi kai hari ba. Yakan ɗauki tanar roba da leɓe ne kawai don ya fitar da ita daga wurin, ya tofar nan da nan, don haka masu wannan fatsa suke sa gilashin da ke kashe ƙyallin ruwa, suna kallon bakin kifin da idonsu kafin su fizgi sanda. A ganina, duk wanda ya kama irin wannan kifi ya kamata ya mayar da shi nan take a wurin da ya kama shi, domin cikin 'yan mintocin da ba ya nan ƙananan kifaye suke afka wa ƙwan.

Yanzu ga watan Yulin da ya ba ka ciwon kai. Bayan haihuwa kifin yakan bi hanyar da ya zo ya koma ruwa mai zurfi, inda garken ƙananan kifayen shad, waɗanda bas yake ci, suke yawo. Amma a lura, ba ya sauka har ƙasan tafki. Idan zafi ya tsananta ruwan yakan kasu gida biyu: na sama mai ɗumi da iska tana motsa shi, da na ƙasa mai sanyi wanda ba ya cuɗanya da na sama, har iskar da kifi yake shaƙa ta ƙare a cikinsa saboda ruɓewar ganyaye da matattun halittu. Bas yakan tsaya daf da saman iyakar da ke tsakaninsu, kuma na'urar gano zurfi da ake ɗaura wa kwalekwale takan nuna wannan iyaka kamar wani dishi-dishin layi. Duk ƙugiyar da ta wuce ƙasan layin nan aikin banza take yi. Wuraren nema su ne tudun da ke nutse a tsakiyar ruwa, da tsoffin hanyoyin mota da ruwa ya cinye, da ƙarshen harsunan ƙasa da suka kutsa cikin tafki, a zurfin ƙafa 15 zuwa 25.

Tun da itatuwa sun yi yawa a Fork, ka koyi ɗaurin da ake kira na Teksas. Ana zura dalma mai siffar harsashi a zaren, a ɗaura ƙugiya, a soka ta a kan tanar roba a fito da ita, sannan a juya a binne tsininta cikin jikin tanar, ta yadda za ta ratsa rassan itace ba tare da ta maƙale ba. Ka bar ta ta taɓa ƙasa, ka ɗaga sanda a hankali, ka sake ta ta faɗi. Yawancin cizo yana zuwa ne tana faɗuwa, kuma sau da yawa abin da za ka ji ɗan ƙwanƙwasa ne sau ɗaya, ko ka ga zaren yana tafiya gefe.

Idan ba ka da kwalekwale, lokacin zuwanka za ka sauya. Daga asuba zuwa fitowar rana, da kuma bayan magariba, wasu kifaye suna dawowa gaɓa farauta, kuma kwaɗon roba da ake ja a saman ciyawa yana aiki a lokacin. Da rana tsaka sai dai inuwar gadoji da ta matsayar jirage.

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba al'amarin yana da sauƙi: shad sukan shige lungunan ƙoramu, bas ya bi su, kai kuma ka bi tsuntsayen da ke shawagi a kansu da duk wani abin yaudara mai ƙyalli. Sai dai akwai 'yan kwanakin da ruwan sama ya huce ya nutse, na ƙasa ya taso da ɗoyi da dauɗa, kifi ya daina ci. Idan ka tarar da haka, ka koma can ƙuryar lungu inda ruwa bai da zurfi.

Da hunturu cizo yakan yi ƙaranci, amma manya suna fitowa. Bas ɗin da ya fi kowane bas nauyi a tarihin Teksas, mai fam 18.18, wato kilo takwas da kwata, a Fork Barry St. Clair ya kama shi a watan Janairun 1992, yana neman wani ƙaramin kifi daban da ɗan kifi mai rai a ƙugiyarsa. A wannan lokaci sai ka rage saurin jan zare matuƙa, ka kuma zaɓi la'asar bayan an yi kwana biyu ko uku ana rana.

Kafin ka koma, ka tabbata kana da lasisin fatsa na Hukumar Gandun Daji da Namun Jeji ta Teksas, ka kuma tafi da abin awo. Dokar Fork ta ce duk bas mai tsawon inci 16 zuwa 24 dole a sake shi, kuma cikin biyar ɗin da aka yarda mutum ya riƙe a rana, ɗaya tak ne zai iya kai inci 24 ko fiye. Ana sabunta littafin dokokin kowace shekara a farkon Satumba, don haka ka duba na bana.