Tambaya da Amsa: Shin Wuta Tana Kashe Duk Cutar da Ke Cikin Fara da Naman Daji?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce, ina zaune a Daura. Ɗana mai shekara 13 ya shiga cikin yaran unguwa masu cin duk abin da hannunsu ya kai gare shi, daga fara da shinge har gafiya da damo idan sun fita farauta bayan gari. Makon jiya shi da ƙaninsa suka sayi soyayyiyar fara a bakin kasuwa, da daddare sai ga amai da gudawa, babban kuma yana ta zufa, yawu yana dalala daga bakinsa. Maƙwabciyarmu ta ɗura musu manja da madara, da safe mai kemis ya ba su magani, yanzu sun warware. Maigidana ya ce ba farar ba ce, domin duk abin da ya shiga wuta ya fito babu sauran cuta a jikinsa, kuma shi ma da cinta ya tashi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. In hana su gaba ɗaya ne, ko kuwa maigidan ne ke da gaskiya?

Wata uwa, Daura

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa yaran lafiya, ya kuma tsare gaba. Rashin kwanciyar hankalinki yana da dalili, domin amai da gudawa kaɗai suna iya fitowa daga abincin da ya lalace ko ya kwana a buɗe, amma idan suka haɗu da zufa mai yawa da dalalar yawu cikin 'yan sa'o'i bayan cin abu, abin da ya fara zuwa zuciyar likita shi ne gubar maganin ƙwari.

Fara a karan kanta abinci ce mai kyau, kuma ba zan ce ki hana su ita don kawai fara ce ba. Idan ta bushe, fiye da rabin nauyinta sinadarin gina jiki ne. Rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar a 2013 ya ce mutane kimanin biliyan 2 suna cin ƙwari a cikin abincinsu na gargajiya, kuma nau'ukan da ake ci sun haura 1,900. Ita ma Tarayyar Turai a 2021 ta amince a sayar da wani nau'in fara a matsayin abinci. A addini kuwa an san hadisin da ya halatta mana matattu biyu, kifi da fara. Abin da ake nema a wajen mai ci shi ne ya cire ƙafafu da fukafukai, saboda ƙayoyin ƙafar suna iya cushe hanjin ƙaramin yaro idan ya ci da yawa. Wanda kuma yake samun borin jini idan ya ci jatan lande, ya yi hattara da fara da shinge, domin sau da yawa jikinsa yakan ɗauke su abu guda.

Sai maganar maigida, wadda ita ce ta sa na zaɓi wasiƙarki a wannan makon. Ina girmama shi, amma maganar tasa ba daidai ba ce, kuma ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Kusan kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya, daga bakin manomi da malamin makaranta da mai digiri: ai an soya, ai an babbake, ai wuta ta ci. Wuta tana kashe abu mai rai, wato ƙwayoyin cuta da tsutsotsi, idan naman ya nuna har cikinsa. Guba ba ta da ran da za a kashe. Sinadari ce, kuma da yawa daga cikin sinadaran nan suna shiga tukunya su fito da ƙarfinsu. Zafi yana iya rage wani kaso na wasu magungunan ƙwari, amma babu mai suya a bakin kasuwa da zai iya gaya miki nawa ya tafi, nawa ya rage, kuma abin da ya rage ɗin yana iya isar yaro mai ƙaramin jiki ko da bai kayar da babba ba.

Maigida ya ce da cin fara ya tashi, kuma na yarda. Sai dai farar da kakanninmu suka ci ana kama ta ne da hannu, da asuba ko cikin dare lokacin sanyi, sa'ad da take lafewa a jikin kara ba ta iya tashi. Gonar da ta ci ba a yi mata feshi ba. Yau babu ƙauyen da za ki shiga daga Daura zuwa Mai'aduwa, ko daga Katsina zuwa Jibiya, ba ki ga manomi goye da injin feshi ba. Farar da ta ci ganyen waken da aka yi wa feshi jiya tana ɗauke da maganin a cikinta, ita ce kuma ta fi sauƙin kamawa, tun da ta galabaita. Yaro ya tarar da ita zube a ƙasa ya kwashe yana murna. Haka abin yake idan farin dango suka sauka aka yi musu feshi daga jirgin sama, kamar yadda aka yi a ƙasashen Sahel a 2004 da gabashin Afirka a 2020. Magungunan da aka fi amfani da su a irin wannan aiki, kamar fenitrothion da malathion da chlorpyrifos, dangi guda ne da fiya-fiya, shi ya sa FAO take gargaɗin kada a ci farar da aka kwaso daga inda aka yi feshi.

Akwai kuma hanya ta biyu da guba take shiga, wadda ta fi ɓata mini rai domin da gangan ake yin ta. Wasu masu ajiye busasshen abinci, wake ne ko kifi ko fara, suna yayyafa wa buhu fiya-fiya don kada ƙwari su ci musu jari. Wannan ba jita-jita ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan dichlorvos da aka samu a cikinsa, wanda shi ne sinadarin da ke cikin fiya-fiya da maganin ƙwarin nan Sniper. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da shaguna. An yi sanarwa, jaridu sun buga, amma duk wanda ke shiga kasuwa ya san har yau ana ɗura shi a kwalaben da ba su da suna ana sayarwa a faranti, kusa da masu sayar da kayan miya. Dokar da ta tsaya a takarda ba ta tsare yaron kowa ba, kuma ina ganin wannan sakaci ne da ya kamata masu duba kasuwanni su ji kunyarsa.

Kada kuma a ɗauka maganin ƙwari ne kaɗai gubar da ke tsallake wuta. Mutanen Japan suna cin wani kifi mai kumbura da suke kira fugu, dangin talibamban ɗinmu, wanda dafin da ke hantarsa da ƙwansa ba ya mutuwa da dafuwa, shi ya sa sai mai lasisi ake bari ya gyara shi. Laimar kwaɗi mai guba tana lalata hanta ko an soya ta. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar aflatoxin, wadda take bin su har cikin ƙuli-ƙuli da tuwo. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda irin wannan masara, kuma dafa ta suke yi kafin su ci. Kifin da aka kashe da maganin ƙwari na Gammalin a tafki shi ma haka ne, a kyafe shi ko a soya shi, maganin yana nan cikin kitsensa. Duk waɗannan sun shiga wuta sun fito, kuma sun yi kisa.

Yanzu ga abin da aka yi wa yaranki a daren. Na san maƙwabciyar taimako ta yi niyya, Allah ya ba ta ladan niyyarta, amma manja da madara ba makarin guba ba ne. Yawancin magungunan ƙwari suna narkewa a cikin mai, don haka maiƙo yana iya taimaka wa hanji ya tsotse su. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ɗura. Yaron da ke amai, yawu ya cika masa baki, hankalinsa ya fara gushewa, idan aka danne shi aka zuba masa manja, man yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Sau da yawa yaron da ake kawo mana ya riga ya tsira daga gubar, amma man da ke huhunsa ne muke fama da shi. Haka nan sa yatsa a maƙogwaro ko ba da ruwan gishiri don a tilasta amai, duk a daina.

Shi kuwa mai kemis, ban ga uzurinsa ba. Wanda aka kawo wa yara biyu daga gida ɗaya, sun ci abu ɗaya, ɗaya yana zufa yana zubar da yawu, aikinsa guda ne, ya ce a wuce asibiti yanzu. Amma sai ya ƙulla maganin tsayar da gudawa da na zazzaɓin cizon sauro da na taifot a leda ya karɓi kuɗi. Wannan guba tana da maganinta na gaskiya, allurar atropine, wani lokaci tare da pralidoxime, kuma ana yin ta ne ana sauraren ƙirji ana auna bugun zuciya, ana ƙarawa har ruwan da ke huhu ya bushe. Ba aikin shago ba ne. Alamomin da za ki riƙe su ne yawu da hawaye da zufa masu yawa, tsukewar baƙin ido ya koma ɗan ƙarami, rawar tsoka, kurarin ƙirji, numfashi da ƙyar, ko jijjiga. Da ganin waɗannan, a kwantar da yaro ta gefensa, kada a ba shi komai ta baki, a tafi babban asibiti mafi kusa ko tsakar dare ne, a kuma riƙo ragowar abin da ya ci. Duk da sun warware, ina so ki kai su a duba su, musamman babban, domin irin wannan guba takan bar raunin jijiya da ke bayyana bayan makonni. Idan ya fara kukan ƙafafunsa suna yi masa nauyi, ko yana jin kamar ana tsira musu allura, ko yana tuntuɓe a tafiya, kada a jira.

Game da farautar kuwa, a nan zan ce ki tsaya tsayin daka. Dafuwa tana kashe ƙwayar zazzaɓin Lassa, wannan gaskiya ne, amma kafin naman ya kai ga wuta yaron ya riga ya sa hannu a rami, an cije shi ko an yakushe shi, ya feɗe dabbar da hannu tsirara, jini da fitsarinta sun taɓa masa ciwo ko ido. A nan cutar take shiga. An fara gano wannan zazzaɓi a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da shi, wanda yake rayuwa a gidaje da gonaki da rumbuna. Yaran da suka cinna wa ciyawa wuta ba sa tantance wane ɓera ne ya fito, duk wanda gora ta samu nasu ne. Cutar ta fi yawa da rani, daidai lokacin farauta, tana iya ɗaukar har kwana 21 kafin ta bayyana, kuma a farkonta ba ta da bambanci da zazzaɓin cizon sauro. Wasu daga cikin waɗanda suka tashi sukan rasa jinsu. Ita gafiya tana da nata laifin, domin a 2003 gafiyoyi da wasu dangin ɓeraye da aka kai Amurka daga Ghana ne suka shigar da ƙyandar biri ƙasar. Saboda haka duk yaron da ya taɓa ɓera ko gafiya, sannan ya yi zazzaɓi cikin mako 3 wanda bai ji maganin cizon sauro ba, a gaya wa likita maganar farautar tun daga bakin ƙofa, domin maganin Lassa ya fi aiki idan an fara shi da wuri, kuma domin ma'aikatan asibiti su kare kansu.

Damo da guza suna ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da tsutsotsi a hanjinsu, waɗannan kam wuta tana maganinsu idan an dafa sosai, ba irin gashin yara ba wanda baya ya ƙone ciki yana jini. Shingen da aka kama a gindin fitila bayan ruwan farko ba shi da matsala, muddin ba a zuba wa surin magani ba. Dabbar da aka tsinta a mace kuwa, ko wace iri ce, ba a taɓa ta.

Shawarata ita ce ki zaunar da maigida cikin ladabi, ki karanta masa wannan amsa, domin shi yaran za su fi jin maganarsa kan farauta. Farautar ɓera da gafiya a daina ta gaba ɗaya. Fara kuwa, ku riƙa saye da kanku daga wanda kuka sani kuka kuma san inda yake samo ta, ku shinshina kafin ku biya, idan kun ji warin magani ko na kananzir ku bar ta, tare da sanin cewa rashin wari ba shaidar tsabta ba ce. A gaya wa yaran kada su kwashi farar da suka tarar a zube ko tana tangaɗi a gona, kada kuma su kama a gonar da aka yi wa feshi kwanan nan. Wanda ya sayar musu da ta makon jiya, maigida ya je ya sanar da shi abin da ya faru, ya kuma sanar da sarkin kasuwa da jami'in duba-gari na ƙaramar hukuma, domin sauran buhun yana nan ana auna wa 'ya'yan wasu.