Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Ɗaukar Hoton Tabon Zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Wata uku ke nan da mahaifinmu ya gamu da bugun zuciya, kuma ya samu sauƙi har yana fita. An yi masa hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, aka ce zuciyarsa tana tura kashi 40 cikin ɗari na jinin da ke cikinta, sai kuma aka ce a yi masa MRI, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, domin a duba tabo. Mene ne amfanin hoto na biyun?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Hotunan nan biyu ba abu ɗaya suke nunawa ba. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, tsokar da jini ya yanke mata takan mutu, kuma cikin mako shida zuwa takwas jiki yakan cike gurbinta da tabo, wanda ba ya matsewa kuma ba ya sake zama tsoka. A hoton eko, tsokar da ta mutu da wadda ta galabaita kawai duk sukan bayyana ba sa motsi, alhali ta biyun tana iya farfaɗowa idan aka buɗe mata hanyar jini.

MRI ne ke raba gardamar. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari mai suna gadoliniyom, a jira kamar minti goma zuwa sha biyar, sannan a ɗauki hoto. Sinadarin yana saurin fita daga lafiyayyar tsoka amma yakan daɗe cikin tabo, don haka tabon ya fito fari fat. Abin da likita ya fi dubawa shi ne zurfin da tabon ya yi cikin kaurin bangon zuciya. A wani bincike da Raymond Kim da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a shekarar 2000, sassan zuciya da suka raunana amma ba su da tabo ko kaɗan, kusan kashi 78 cikin ɗarinsu sun dawo aiki bayan an buɗe jijiya, waɗanda tabo ya ci fiye da kashi 75 na kaurinsu kuwa, ɗaya ne kacal cikin 58 ya farfaɗo.

Batu na biyu, wanda a ganina ya fi shafar Baba, shi ne lantarkin zuciya. A gefen tabo akan samu wurin da rayayyun zaruruwan tsoka suka cakuɗe da matattu, inda saƙon lantarki ke tafiyar hawainiya har ya riƙa kewayawa, ya jawo bugawa mai tsananin sauri wadda ke iya kisa farat ɗaya. An saba dasa na'urar da ke daidaita bugawar ne ga wanda ƙarfin turawarsa ya sauka zuwa kashi 35 ko ƙasa, amma da yawa daga masu mutuwar fuju'a suna sama da wannan mizani. Kashi 40 ɗin Baba bai isa shi kaɗai a yanke hukunci da shi ba.

Sai dai hasashe kawai hoton yake bayarwa, domin akwai masu babban tabo da suka yi shekaru lafiya lau suna shan magungunansu. MRI ba ya amfani da hasken eksire, amma kafin a yi shi ku sanar da likita idan Baba yana da ciwon ƙoda, saboda gadoliniyom yana da haɗari ga wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, ko kuma idan akwai ƙarfe ko wata na'ura da aka taɓa dasa masa a jiki.