Amsa ga mai tambaya kan Toyota: sunan ba ƙarya ba ne, amma motar da ke gabanka za ka duba

Assalamu alaikum. Malam, tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don ba abin da za a amsa da layi biyu ba ne. Ka ce kana shirin sayen motarka ta farko, ta hannu, kuma duk wanda ka nemi shawararsa sai ya ce maka Toyota. Kana son ka san ko ƙarkon da ake faɗa gaskiya ne ko kuwa suna ne kawai ya bi kamfanin, sannan tsakanin Corolla da Camry wacce ta fi dacewa da kai. Shekara 16 ke nan ina riƙe da motocin kamfanin nan. Da Corolla ƙirar 2006 na fara, ta yi shekara 9 a hannuna, yanzu kuma Camry ƙirar 2012 nake hawa.

Bari in fara da asalin gidan, saboda a can amsar rabin tambayarka take. Mutanen nan ba da mota suka fara ba, da injin saƙa suka fara. Sakichi Toyoda, ɗan wani kafinta a Japan, shi ne a 1924 ya kammala injin saƙa mai sarrafa kansa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a injin nan shi ne, da zarar zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya cak. Kafin irin wannan dabara, zare zai tsinke inji ya ci gaba da saƙa, ba a ankara ba sai an yi asarar yadi mai yawa. A 1929 suka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin ƙera injin a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ne ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin saƙar a 1933, suka fitar da babbar motar ɗaukar kaya a 1935, ƙaramar mota mai suna AA a 1936, sannan a 1937 kamfanin mota ya tsaya da ƙafarsa. Sunan iyalin Toyoda ne, aka mayar da na kamfanin Toyota. Garin Koromo da masana'antar take shi ma an sauya masa suna zuwa Toyota a 1959.

Ba da sauƙi suka taso ba. A 1950 saura ƙiris kamfanin ya durƙushe, bashi ya yi masa katutu, ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka sallami da dama, Kiichiro kansa ya ajiye muƙaminsa, bayan shekara biyu kuma ya rasu. Yaƙin Koriya da ya ɓarke a shekarar ne ya kawo musu cinikin manyan motoci daga sojojin Amurka, suka samu suka numfasa. A cikin wannan ƙuncin wani injiniyansu, Taiichi Ohno, ya gina tsarin aikin da duniya ke kwaikwayo har yau. Ba su da kuɗin tara kaya a sito, don haka ba a kawo wani sashe sai daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ba su da halin yin asara, don haka aka rataya igiya a saman layin haɗa mota, ko ƙaramin ma'aikaci ya ga abin da bai yi daidai ba yana da ikon ja, shugabansa ya zo, in ta kama a tsayar da layin. Dabarar injin saƙar nan ce aka ɗauko aka kawo cikin mota. Kuma in matsala ta faru ba a tsayawa a kan amsar farko, sai a yi ta tambayar "me ya jawo?" har sau biyar, sai an kai ga saiwar abin.

Duk da haka sun sha ƙasa a karon farko da suka shiga Amurka. Motar Crown da suka kai a 1958 ba ta iya jure gudun manyan titunan can ba, ga rashin ƙarfi ga zafin inji, ala tilas suka janye ta. Suka koma suka yi gyara. Corolla ta fito a 1966, tsadar man fetur ta 1973 ta sa mutane suka juyo kan ƙananan motoci marasa shan mai, daga nan kasuwa ta buɗe. Ya zuwa 2021 an sayar da Corolla sama da miliyan 50. Land Cruiser da Hilux kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, ya ishe ka cewa ƙarshen yaƙin Chadi da Libiya a 1987 har yau "Yaƙin Toyota" ake kiransa, saboda irin motocin da sojojin Chadi suka ratsa hamada da su. To ka ga in ka ji wane, ba banza ba.

Amma kada wani ya ce maka ba su taɓa yin kuskure ba. A 2008 suka wuce kamfanin General Motors na Amurka suka zama na ɗaya a duniya, ba a jima ba kuma, tsakanin 2009 da 2010, suka janye miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa, wani lokaci tabarmar ƙasa ce ke danne shi, wani lokaci shi kansa ne ba ya dawowa da wuri. An yi asarar rayuka. Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya bayyana gaban majalisar Amurka a watan Fabrairun 2010 ya amsa cewa saurin girman da suka yi ya fi ƙarfinsu, a 2014 kuma suka biya tarar dala biliyan 1.2 kan yadda suka ɓoye bayani. Akwai kuma injin 2.4 da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, wanda ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda fistin da ringinsa, har kamfanin ya tsawaita garanti a kansa. Camry ta waɗancan shekarun dashbod ɗinta kan yi danƙo a ƙasashe masu zafi. Sai jakar iska mai buɗewa lokacin haɗari, ta kamfanin Takata, wadda ta shafi kamfanoni da yawa, ciki har da Corolla ta 2003 zuwa 2008. Wannan ta ƙarshen ba abin wasa ba ce, domin zafi da laima na lalata sinadarin da ke cikinta, ranar da ta buɗe tana iya watso gutsattsarin ƙarfe a fuskar mutum.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan. Babban abin da ke kashe motocin nan shi ne sunan da suka yi. Mutum ya ji an ce ba sa mutuwa, sai ya daina kula. Ni da kaina na faɗa wannan ramin. A shekara ta huɗu da Corolla ɗina, lagireto ya fara ɗiga ta gefen sama, ɗan jiƙe-jiƙe ne wanda sai ka sa yatsa za ka ji. Maimakon in gyara, sai na riƙa ƙara ruwan famfo duk bayan kwana uku. Da ta fara ɗaukar zafi a cunkoso, wani bakanike ya ce a cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, na yarda. Wata biyar ina tafiya a haka, motar ba ta taɓa ƙin tashi ba, wannan ya ƙara sa na saki jiki. Ranar da abin zai faru muna kan doguwar tafiya da iyali, na ga allurar zafi ta wuce rabi tana hawa a hankali. Na duba, saura kamar kilomita 20 mu isa, na ce bari mu lallaɓa. Ba mu yi rabin haka ba ƙarfinta ya ragu, wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika cikin motar, na leƙa madubi na ga farin hayaƙi yana bin mu. Da ta huce na zaro sandar gwada mai, baƙin man ya koma fari-fari, ya gauraye da ruwa. Gaskit ya ƙone, kan injin ya ɗan lanƙwashe, sai da aka kai shi aka goge. Kwana 11 tana gareji, kuma kuɗin da na kashe ya ninka na sabon lagireto sau da yawa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, mutanen da suka ƙera motar kan zare ɗaya suke tsayar da inji, ni kuwa wata biyar tana nuna mini alama ban tsaya ba.

Bayan wannan na sauya hali, motar kuma ta ƙara shekara biyar ba a sake buɗe injinta ba. Na mayar da tamostat, na koma ruwan sanyaya inji mai launin hoda da aka tsara mata, na daina zuba ruwan famfo, domin shi ke kawo tsatsa ya cinye famfon ruwa. Juyen baƙin mai nake yi duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, da man da aka rubuta a kan murfin injin. Corolla ɗin 5W-30 take sha, Camry ɗin yanzu 0W-20. Za a ce maka ka zuba mai kauri don injin ya tsufa, ni ban ga alfanun haka ba a injinan zamani, hanyoyin man da ke cikinsu sirara ne. Man giya ma ba a yi masa gangaɗi, tsofaffin na shan T-IV, na baya-bayan nan WS, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Abin da na canza a shekarun nan duk kayan da dole su ƙare ne: birki, batir, filogi, bel, shokozoba da bushin ƙafa.

Wani wurin da za ka yi hattara shi ne kayan gyara. Daɗin motar shi ne ko'ina ka shiga za ka samu kayanta da wanda ya san ta, amma wannan yawan ne ya sa jabu ya fi yawa a kanta. Na taɓa sayen filogi huɗu a cikin kwali mai kyau, da tambari da komai, cikin mako uku mota ta fara rawa in an tsaya. Da aka ciro su bakinsu ya cinye kamar sun shekara biyu. Araha ba ta ado. Filogi da filtar mai da birki, ka same su a hannun wanda ka amince da shi ko da sun fi tsada.

Batun Corolla ko Camry kuwa, ga yadda nake gani. Tunda motar farko ce, in yawancin zirga-zirgarka a cikin gari ne, Corolla mai injin 1.8 ta fi. Ba ta shan mai, kayanta sun fi sauƙi, sarƙa ce ke juya taimin ɗinta ba bel ba, kuma tana yafe wa sabon direba kurakurai da yawa. Sai dai ka sani ba motar ƙawa ba ce, a babban titi za ka ji ƙarar taya da iska, bayanta kuma ya yi wa manya uku kaɗan. Camry ta fi faɗi da laushi da shiru, in kana yawan doguwar tafiya bayanka zai gode maka, amma ta fi shan mai kuma aikin ƙafarta ya fi tsada. In Camry ce ka fi so, ni zan nemi mai injin 2.5, wato daga 2010 zuwa sama. In kuma ta 2007 zuwa 2009 ce ta kwanta maka, ka auna baƙin mai, ka yi tafiya mai nisa, ka sake aunawa kafin ka biya. Dukansu biyu suna riƙe daraja, za ka saya da tsada, amma ranar da za ka sayar ba za ka sha wahalar samun mai saye ba.

Ranar da za ka je duba mota, ka roƙi kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa bonet ka tabbatar da sanyi yake. Inji mai ciwo da safe yake faɗin gaskiya. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilar inji da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. In ba su kama ba tun farko, wani ya taɓa su. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka haska tocila, in ka ga baƙin laka ya daskare to mai ita ba ya juye a kan lokaci, ka bar ta komai ƙyallin fentinta. Ka ɗaga tabarma ka shinshina, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe, motar da ta taɓa nutsewa a ruwa a nan take barin shaida. Lambar kilomita kada ka dogara da ita ita kaɗai, ka gwada ta da yadda sitiyari da robar birki suka goge. Ka tafi da bakaniken da kai za ka biya, ba na mai sayarwa ba, a jona kwamfuta, a kuma shiga ƙarƙashinta a duba tsatsa da walda.

Lambar shasi kuma, mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka ɗauki hotonta. Da ita ake bincikawa a intanet a ga ko motar na cikin waɗanda aka janye kuma ba a gyara ba, musamman batun jakar iskar nan. In ka samu wadda hankalinka ya kwanta da ita, ka turo mana shekararta da girman injinta da hoton cikin murfin man, in sha Allahu zan duba in faɗa maka abin da na gani kafin ka ba da kuɗi. Allah ya haɗa ka da mai albarka.