Na bar sigari, kaina na sarawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Direba ne ni a Jidda, shekara goma ina shan kwali guda kullum. Yau kwana uku da na daina, ga ciwon kai, ga saurin fushi, barci kuma ya ƙaurace. Anya lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lafiya lau, jiki ne ke neman nikotin da ya saba da shi. Abin yakan fi tsanani a rana ta 2 da ta 3, sai ya yi ta sauka cikin mako 2 zuwa 4. Kwaɗayin kan zo ya wuce cikin mintuna kaɗan. Sa asuwaki a baki, sha ruwan sanyi har ya lafa.

Rashin barcin nan, duba gahawa da shayinka. Hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin kawar da kafeyin, sinadarin gahawa da shayi mai hana barci. Da ka daina, finjalin da ka saba zai yi maka aikin biyu. Rage rabi, kuma kar ka sha bayan La'asar.

Mai shan fiye da kara 10 a rana kan fara da filastar nikotin ta 21mg na mako 6, sannan 14mg mako 2, sai 7mg mako 2. A manna a busasshiyar fata, a canza wuri kullum. In mafarkai sun dame ka, cire ta da dare. Shisha kuwa, da wasu ke komawa gare ta, nikotin ne dai.

Mai ciwon zuciya ya ga likita tukuna kafin ya fara manna filastar. Kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, a haɗa ka da asibitin daina shan taba.