Jadawalin launi da idon mai zane

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dole ne mai zana katunan tarot, wato katunan da Turawa ke duba da su, ya bi jadawalin launukan da masu sihirin Turai suka tsara, ko kuwa ya bi abin da idonsa ya ga ya dace. Ni ba mai duba ba ne, zane ne sana'ata, amma an sha ba ni aikin irin waɗannan katuna.

Jadawalin nan bai kai katunan tsufa ba. Ƙungiyar masu sihiri ta Golden Dawn, wadda aka kafa a Landan a 1888, ita ta tsara shi kashi huɗu, ta ce wuta ja ce, ruwa shuɗi, iska ruwan ɗorawa. Katunan kuwa tun ƙarni na 15 ake karta da su a Italiya. Tsofaffin katunan da ake kira na Marseille (wani birni a Faransa), da ake gani da launuka 'yan ƙalilan, da katako ake buga su, a shafa fenti ta hujin takarda, kuma kowane ƙarin launi ƙarin kuɗi ne ga mai ɗab'i. Yanzu wasu na ta tono sirri a launukan nan, alhali aljihu ne ya yi magana.

Jadawali zai ce maka "ja", amma ba zai faɗi wane irin ja ba, ko yawansa, ko abin da zai zauna kusa da shi. Nan aikinka yake. 'Yan Golden Dawn kan ɗora ja tsantsa a kan kore don ido ya ga kamar yana walƙiya. A kan kayan tsafinsu abin da suke nema ke nan, amma ka yi haka a fuskar mutum cikin kati, sai ciwon kai. Mai zane Frieda Harris ta zana wa Aleister Crowley, wani mai sihiri ɗan Ingila, katunan tarot daga 1938 zuwa 1943, tana bin jadawalin, duk da haka katin Magus (mai sihiri) kaɗai sai da ta zana shi iri uku.

In haddace ma'anonin katunan kake so, bi jadawalin sau da ƙafa. Dalilin da ya sa ɗaliban makarantar Paul Foster Case, malamin tarot ɗan Amurka, ke karɓar katuna farare su shafa launi da kansu ke nan. In kuwa zane za ka sayar, riƙe babban launin katin, sauran ka bar wa idonka. Kuma ka buga gwaji tukuna, don jan kwamfuta yakan koma ruwan ƙasa a takarda.