Famit ɗin residensi ya isa in duba marasa lafiya a waje?

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Ni DO ne, wato likita mai digirin osteopathy, ina shekarar farko ta residensi (horon neman ƙwarewa bayan gama makarantar likita) a ɓangaren lafiyar iyali a jihar Texas ta Amurka. Albashin ba ya isa, ga bashin makaranta ga 'yan gida suna jiran aike. Wani mai kilinik ya ce in riƙa zuwa ranar Asabar ina duba masa marasa lafiya shi zai sa hannu a takardun, wai famit ɗina ya wadatar. Sannan mutanenmu in an fito masallaci sai a tare ni in rubuta maganin hawan jini ko na ciwon jiki. Hankalina bai kwanta ba, don Allah ina matsayina a doka?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Gara da hankalin naka bai kwanta ba, kada ka je kilinik ɗin nan ko sau ɗaya.

Abin da ke hannunka famit ne na likita mai neman ƙwarewa, wanda hukumar likitocin Texas ke kira PIT, kuma iyakarsa aikin da ke cikin shirin residensinka ƙarƙashin malamanka. Da ka fita daga wannan da'irar toh a idon doka ba ka da lasisi, kamar mai koyon tuƙi ne da ya ɗauki fasinja a tasha. Ko ba maganar jiha ma, dokar ACGME, hukumar da ke tantance shirye-shiryen residensi a Amurka, ta hana ɗan shekarar farko yin aikin gefe kwata-kwata, kuma tun 2020 da aka haɗe tsarin tantance residensi wuri ɗaya, DO da MD (ɗaya digirin likitan da aka fi sani) duk doka ɗaya ke kansu.

Maganar "ni zan sa hannu" ɗin nan ita ce take ɓata min rai wallahi, don kullum sai na ji ta daga bakin yara masu ƙoƙari da suka sha wahala kafin su kai nan. Sa hannun wani likita ba ya mayar da famit ɗinka lasisi. Mutumin nan ba malami ba ne a shirinka, asibitinku bai san da shi ba, inshorar da ke kare ka in an yi kuskure ta aikin residensi ce kawai, ranar da wani ya zo da ciwon ƙirji ka sallame shi da maganin gyambon ciki ya je gida ya faɗi, lauya sunanka zai nema, mai kilinik kuwa cewa zai yi ai ya ɗauka kana da cikakken lasisi. Shi arha yake nema, ya san abin da zai biya mai lasisi ya ninka abin da zai miƙa maka. Kuma in hukuma ta hukunta ka abin yana shiga rumbun NPDB, inda gwamnatin tarayya ke adana bayanan hukuncin da aka yi wa likitoci, duk asibitin da ka nemi aiki zai duba ya gani, duk jihar da ka nemi lasisi za ta tambaye ka, shekara ashirin kana bayanin Asabar ɗin da ka yi don 'yan daloli.

Na ƙofar masallaci ma haka yake, duk da na san nauyin da ake ji in dattijo ya riƙe maka hannu yana cewa ɗana taimaka min. Ba ka auna shi ba, ba ka san ƙarfin ƙodarsa ba, ba fayil, ba ka san me yake sha ba. In kuma tramadol ne ko maganin tari mai kodin abin ya fi muni, lambar DEA (hukumar kula da magunguna masu sa maye) da kake rubutu da ita ta asibiti ce aka ƙara maka 'yar alama a ƙarshe, ta marasa lafiyar asibitin ce kaɗai. Ka ce masa Baba doka ba ta ba ni dama ba tukuna, ka nemo masa asibitin unguwa da ke rage kuɗi gwargwadon samun mutum, in da hali ka kai shi da kanka.

Hanyar halak tana nan kuma ba ta da nisa. Ka zauna ka ci COMLEX mataki na 3, wato jarrabawar lasisi ta likitocin DO, ka kammala wata 12 na horo, ka rubuta jarrabawar dokokin aikin likita ta Texas, sai ka nemi cikakken lasisi. Bayan nan ka yi rajistar DEA taka, ka tabbatar akwai inshora a wurin da za ka yi aikin, daraktan residensinku ya amince a rubuce, kuma awoyin suna shiga cikin awa 80 na mako. In biza J-1 ta baƙi masu zuwa horo kake riƙe da ita toh ka cire rai da aikin gefe a wajen asibitinku har ka gama. In kuma ka tashi komawa wata jiha ka duba da kyau, California da Florida da Pennsylvania suna da hukumar DO daban da ta MD, can za ka kai takardunka. Gobe ka shiga ofishin kula da 'yan residensi na asibitinku ka karɓi dokar aikin gefe a rubuce ka karanta ta.